Tallar da Apple Ya Nemi Gafara a Kanta: Nasiha ga Matasa

A ranar 7 ga Mayu, 2024, kamfanin Apple na Amurka ya fitar da wata talla ta bidiyo mai tsawon kamar minti ɗaya, domin gabatar da sabuwar kwamfutarsa ta hannu mai suna iPad Pro. Bayan kwana biyu kacal kamfanin ya fito ya nemi gafara, ya kuma fasa sanya tallar a gidajen talabijin. Abin da ya wakana tsakanin waɗannan ranaku ya cancanci matashi ya tsaya ya nazarce shi da kyau, domin babu wanda kamfanonin fasaha suke nema ruwa a jallo kamar matashin da waya ba ta barin hannunsa dare da rana.

Talla iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani tun yana yaro: mai talla ta ɗauko farantin ƙosai ko gyaɗa, ta faɗi abin da ta ɗauko, mai saye ya duba, ya tambayi kuɗi, in ya ga dama ya saya. Wannan ita ce tallar haja, kuma ƙaryarta ba ta daɗewa, domin harshe ne alƙali. Iri na biyu ita ce tallar suna. Ita ba ruwanta da farashi, kuma ba ta cika tsayawa bayanin amfanin kaya ba. Aikinta shi ne ta ɗaura sunan kamfani da wani abu da zuciya take so, kamar wayewa, 'yanci, ƙwarewa ko burgewa, ta yadda duk lokacin da mutum ya ga tambarin kamfanin sai wannan abin ya motsa a ransa. A taƙaice kirari ne da kamfani yake yi wa kansa, sannan ya biya maƙudan kuɗi a yaɗa shi. Bambancinsa da kirarin maroƙi shi ne mai sauraron maroƙi ya san ana roƙo, mai kallon tallar suna kuwa sau da yawa yakan ɗauka nishaɗi kawai aka kawo masa.

Tallar iPad Pro, wadda aka sa wa suna Crush!, wato murƙushewa, ta haɗa nau'o'in biyu, amma na biyun ya fi rinjaye. An nuna wani ɗaki mai duhu-duhu, a tsakiyarsa an tara kaya a kan wani dandamalin ƙarfe: fiyano, jita, ƙahon busa, na'urar sa faifai, kyamarori da gilasansu, littattafai, gwangwanayen fenti, wani sassaƙen kan mutum, da akwatin wasan bidiyo irin na da. Daga sama sai wani ƙaton injin matsa, irin wanda ake murƙushe ƙarfe da shi a masana'antu, ya fara saukowa a hankali, wata tsohuwar waƙa mai daɗi tana tashi. Ƙahon ya lanƙwashe, gwangwanayen suka fashe fenti ya kwarara a kan fiyano, fiyanon ya dare, gilasan kyamara suka tarwatse, sassaƙen ya baje. Daga ƙarshe aka matse wata 'yar ƙwallo mai fuskar nan ta rawaya da ake turawa a saƙon waya, har idanunta suka fito. Da injin ya ɗaga, babu abin da ya rage sai iPad ɗin, siririya tana sheƙi. Shugaban kamfanin, Tim Cook, ya sanya bidiyon a shafinsa na X, yana kiran mutane su yi tunanin irin abubuwan da za a ƙirƙira da ita.

Manufar masu tallar a bayyane take, kuma adalci ne a faɗe ta. Babbar iPad ɗin mai inci 13 kaurinta milimita 5.1 ne, kuma kamfanin ya ce bai taɓa ƙera abin da ya kai ta siranta ba. Ana son mai kallo ya fahimci cewa duk aikin da waɗancan kaya suke yi an tattare shi an cusa a cikin wannan ɗan allo. Salon murƙushe abubuwa da injin matsa kuma ya riga ya zama abin kallo a intanet, musamman tun daga 2015 da wani mutumin ƙasar Finland ya buɗe tasha a YouTube inda yake matse abubuwa iri-iri, miliyoyin mutane suna kallo. Da alama masu shirya tallar sun ɗauka sun hau salon da matasa suka riga suka so.

Sai dai jama'a ba su ga tattarewa ba, rugujewa suka gani. Cikin sa'o'i kaɗan makaɗa, masu zane, marubuta, masu ɗaukar hoto da 'yan fim suka yi ca a kan kamfanin. Ɗan fim ɗin Ingila Hugh Grant ya bayyana tallar da cewa rusa rayuwar ɗan'adam ce, kuma Silicon Valley, wato yankin Kalifoniya da manyan kamfanonin fasaha suke, shi ya kawo ta. 'Yar fim ɗin Amurka Justine Bateman, wadda ta daɗe tana gargaɗi kan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da suke yin rubutu, zane da waƙa da kansu, ita ma ta yi tir da ita. Martanin da ya fi kowane ƙarfi kuwa ba da baki aka yi shi ba. Wani mai shirya fim, Reza Sixo Safai, ya ɗauki bidiyon ya juya shi ya rinƙa tafiya da baya: injin yana ɗagawa, fiyano yana haɗuwa, fenti yana komawa gwangwani, jita tana miƙewa daga cikin iPad. Hotuna ɗaya ne, amma ma'ana ta juye gaba ɗaya, mutane da yawa suka ce ai wannan ce tallar da ya kamata a yi tun farko. A nan akwai darasi babba ga duk mai koyon aikin hoto: jerin da aka bi wajen nuna abu shi ne maganar da aka yi, kuma abin da ido ya gani yana rinjayar abin da aka rubuta a ƙasansa.

Daga ƙasar Japan aka sami wasu daga cikin masu suka mafi zafi, kuma dalilinsu ya dace a daɗe a kansa. A al'adar Japanawa kayan aikin mai sana'a suna da alfarma. Har yau akwai wani biki da masu ɗinki suke yi sau ɗaya a shekara, a wasu yankuna ranar 8 ga Fabrairu, a wasu 8 ga Disamba, inda suke kai allurai da suka karye ko suka tsufa wuraren ibadarsu, su soka su a cikin awara mai laushi, don nuna godiya ga abin da ya yi musu hidima. Mutanen da suke yi wa allura haka ba za su kalli ana murƙushe fiyano su ga abin burgewa ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Wanda ya tashi yana ganin yadda ake ɗaga allo daga ƙasa, ko yadda dattijo yake tsintar takarda mai rubutun Arabiyya a hanya ya ajiye ta a sama, ko yadda maƙeri yake riƙon uwar maƙera da ya gada daga mahaifinsa, ya san cewa akwai abubuwan da darajarsu ta wuce kuɗin da aka saye su. Jita da mutum ya yi shekara ashirin yana kaɗawa ta san hannunsa, shi ma ya san ta. Masu tallar sun lissafa kaya a matsayin ayyukan da suke yi, suka manta da mutanen da suka ba da rayuwarsu wajen koyon sarrafa su.

Lokacin da aka saki tallar shi ma ya ƙara wa wutar fetur. A ƙarshen Nuwamba 2022 aka fitar da ChatGPT, kuma daga nan manhajojin da suke yin rubutu, zane da waƙa da kansu suka bazu ko'ina. Masu sana'ar ƙirƙira suka shiga fargabar cewa ana horar da waɗannan na'urori da ayyukansu ba tare da izini ko biya ba, sannan a zo a maye gurbinsu da su. A 2023 marubutan fina-finan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa kuma suka yi na kwana 118, kuma batun ƙirƙirarriyar basira yana cikin manyan abubuwan da aka yi jayayya a kansu. Ba a cika shekara da wannan ba sai ga ɗaya daga cikin kamfanoni mafi arziki a duniya ya nuna inji yana niƙe kayan kiɗa da zane, ya bar na'urarsa ita kaɗai a tsaye. Ko da masu tallar ba su yi nufin haka ba, sun zana wa mutane ainihin abin da yake hana su barci.

Akwai kuma tarihin kamfanin kansa, wanda yawancin matasa ba su riske shi ba. A Janairun 1984, lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl, Apple ya nuna wata talla da Ridley Scott ya shirya don gabatar da kwamfutar Macintosh. A cikinta wata mace ce ta shigo da gudu riƙe da guduma, ta jefi wani ƙaton allo da wani mai mulkin kama-karya yake yi wa jama'a jawabi ta cikinsa, ta farfasa shi. An gina tallar ne a kan littafin George Orwell mai suna 1984, kuma kowa ya fahimci cewa ƙaramin kamfani ne yake ƙalubalantar IBM, giwar wancan zamani. A 1997 kuma ya yi wani kamfe mai suna Think Different, inda ya jera hotunan mutane irin su Albert Einstein, Mahatma Gandhi, Martin Luther King, Muhammad Ali da Pablo Picasso, yana nuna cewa shi na masu tunani daban ne. Shekara da shekaru kamfanin ya gina sunansa a kan cewa shi abokin mawaƙi ne da mai zane. Amma kafin 2024 ɗan ƙaramin nan ya zama giwa: a Agustan 2018 darajarsa ta kai dala tiriliyan 1, kuma na'urorinsa da ake amfani da su a duniya sun haura biliyan 2. Masu suka da dama sun ajiye tallolin biyu kusa da juna, suka ce mai guduma ta 1984 ta rikiɗe ta zama injin matsa na 2024. Abin da ake yafe wa mai tasowa ba a yafe wa wanda ya riga ya mallaki kasuwa, kuma kirarin da kamfani ya yi wa kansa jiya shi ne ma'aunin da za a auna shi da shi gobe.

Ranar 9 ga Mayu, Tor Myhren, mataimakin shugaban kamfanin mai kula da harkar talla, ya shaida wa mujallar Ad Age cewa sun kuskure da wannan bidiyo kuma suna ba da haƙuri. Apple ba kamfani ne da ya saba neman gafara kan talla ba, shi ya sa labarin ya zagaya duniya. Amma magana zarar bunu ce. Bidiyon ya riga ya shiga hannun mutane, kuma a lokacin ba a ma cire shi daga shafin shugaban kamfanin ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Cikin kusan mako guda kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fitar da tasa tallar: wata mace ta shiga ɗaki mai kama da wancan, tana taka tarkace da fenti, ta ɗauki wata jita da ta ji jiki, ta zauna tana kaɗawa tana duba rubutun kiɗa a kwamfutar hannu ta Samsung. Mutane da yawa sun yaba. A nan ne ya kamata matashi ya riƙe hankalinsa, domin wannan ma tallar suna ce, kuma kamfanin da ya yi ta shi ma yana sayar da wayoyi masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira. Ya ga fushin jama'a ne ya zuba tasa hajar a kai. Haka kuma masu bincike suka tono cewa tun a 2008 kamfanin LG ya yi wata talla ta waya mai kusan irin wannan salo na murƙushe kayan kiɗa da kyamara, ba a kuma yi wani tashin hankali a kanta ba. Hoton bai canza ba cikin shekara goma sha shida, halin da masu kallo suke ciki ne ya canza.

Ba a yi wata uku ba sai Google ya faɗa irin wannan rami. A lokacin wasannin Olamfik na birnin Paris, a Yulin 2024, ya nuna wata talla inda wani uba yake ba da labarin 'yarsa ƙarama mai son gudu, wadda take ƙaunar Sydney McLaughlin-Levrone, zakarar tseren mita 400 na tsallake shinge. Yarinyar tana son ta rubuta wa gwanarta wasiƙa, sai uban ya nemi manhajar Gemini ta Google ta taimaka wajen rubutawa. Masu kallo suka ce wasiƙar yaro ga wanda yake ƙauna darajarta tana cikin karkataccen rubutunsa da kurakuransa, kuma uba na gari zama zai yi da 'yarsa su rubuta tare. A farkon Agusta Google ya janye tallar daga shirye-shiryen Olamfik, yana cewa an gwada ta kafin a sake ta kuma ta samu karɓuwa a gwajin. Wannan bayani shi kansa abin lura ne. Kamfani mai dukiya da ƙwararru da na'urorin auna ra'ayi ya kasa hango abin da kowace uwa za ta iya gaya masa a cikin minti ɗaya.

Abu na farko da matashi zai ɗauka daga waɗannan shi ne cewa talla ana karanta ta ne kamar yadda ake karanta wasiƙa daga wanda yake neman wani abu. Idan ta ƙare, yana da kyau mutum ya tambayi kansa abin da aka so ya ji, da kuma wanda aka ƙasƙantar don a ɗaga hajar. Tallar fasaha da yawa tana aiki ne ta hanyar sa mutum ya raina abin da yake hannunsa: wayar bara ta zama abin kunya, littafi ya zama kayan tsofaffi, aikin hannu ya zama ɓata lokaci. Wanda bai lura ba sai ya wayi gari yana jin ƙasƙanci kan abin da jiya yake masa aiki lafiya lau, har ya ci bashi don ya kore wannan jin. Dabara mai sauƙi ita ce a kashe sautin talla a kalli hotunan kawai, ko a rufe ido a saurari maganar kawai. Kiɗan da aka ɗora wa Crush! mai taushi ne, kuma aikinsa shi ne ya sa rugujewa ta zama abin sha'awa.

Ya kamata kuma a san iyakar fushin jama'a, don kada a ɗauke shi fiye da yadda yake. Ya sa kamfani ya sunkuyar da kai, wannan gaskiya ne, kuma ya nuna cewa mai kallo yana da ikon ƙin karɓar abin da aka ce ya ji. Amma iPad Pro ta shiga kasuwa ranar 15 ga Mayu kamar yadda aka tsara, farashinta yana farawa daga dala 999, kuma a watanni ukun da suka ƙare a Yunin 2024 kuɗin da Apple ya samu daga sayar da iPad ya ƙaru da kusan kashi 24 cikin 100 a kan na irin wannan lokaci a 2023. Haƙurin da aka bayar na talla ne kawai. Tambayoyin da suka tayar da hankalin mawaƙa da marubuta, wato wa zai biya su idan an horar da na'ura da aikinsu, da wa zai ɗauke su aiki bayan haka, ba a amsa su a ranar 9 ga Mayu ba. Marubutan Hollywood da suka sami wasu sharuɗɗa kan ƙirƙirarriyar basira a yarjejeniyarsu sun same su ne ta hanyar ƙungiya, da zaman tattaunawa, da haƙurin watanni biyar babu albashi. Sannan duk wanda ya tura bidiyon don ya zage shi ya taya kamfanin yaɗa shi kyauta. Matashin da ya ga ana tururuwar suka ko yabo, ya fara kallon abin da idonsa tukuna, ya san dalilin da ya sa ransa ya ɓaci ko ya yi daɗi, kafin ya sa baki.

Matasa da yawa yanzu su ne masu yin tallar da kansu. Akwai masu zana hotunan kasuwanci a waya, masu haɗa gajerun bidiyo don shaguna, masu tallata turare, atamfa ko abinci a WhatsApp da TikTok. Kuskuren da Apple ya yi da miliyoyin daloli ana iya yin sa da waya ɗaya: mai tallar injin ɗinki na zamani ya yi wa tela mai keke dariya, mai tallar abincin kwali ya wulaƙanta tuwon gida, mai tallar man shafawa ya nuna baƙar fata a matsayin matsala. Maganin ba shi da tsada. Kafin a saki talla, a nuna ta ga wanda abin ya shafa kai tsaye, wanda ba abokin aiki ba ne kuma ba ya jin nauyin faɗin gaskiya. Da an zaunar da makaɗin fiyano guda ɗaya an nuna masa Crush! an kalli fuskarsa, da wuya a ce ba a ga alama ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuma an riga an yi kuskure, a amsa shi da wuri cikin kalmomi kaɗan ba tare da kame-kame ba, kuma a wannan gaɓa ɗaya Apple ya yi abin da ya dace.

Babu ɗaya daga cikin masu sukar nan da ya ce a jefar da kwamfuta. Da yawansu da na'urorin Apple ɗin suke aikinsu, kuma wannan ne ma ya sa abin ya yi musu ciwo. iPad tana iya fitar da sautin fiyano, amma ba ta iya sanya wa mutum kunnen da yake gane kiɗa ya karkace, ko hannun da ya san nauyin alƙalami, ko idon da yake bambance launin da ya dace da wanda bai dace ba. Waɗannan sai an zauna gaban gwani, an yi kuskure an gyara, shekara bayan shekara. Saboda haka matashin da yake koyon zane ya ci gaba da riƙe fensir da takarda ko da ya mallaki allo mai tsada, mai koyon kiɗa ya nemi wanda zai koya masa da hannu, mai son rubutu kuma ya rubuta wasiƙarsa da kansa, ko da za ta fito da kurakurai.